Kyamara Mai Android da Dogon Zuƙowa: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Biya Kuɗi a Kasuwannin Legas

Na daɗe ina sana'ar ɗaukar hoto a Agege: ɗaurin aure, kamu, suna, walimar saukar Alƙur'ani, wani lokacin har hajar 'yan kasuwa masu son talla. A 'yan watannin nan da wuya mako ya wuce wani bai shigo shago riƙe da wata kyamara mai faffaɗan allo a baya ba, ko ya turo min hotonta a waya, yana cewa, "Malam, duba min wannan. An ce tana zuƙo abu daga nesa, kuma tana hawa intanet kamar waya." Wasu suna kan ciniki, wasu kuwa sun riga sun biya, su ne suka fi ba ni tausayi. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi min na amsa su wuri ɗaya. Ina son kyamarorin nan, na yi aiki da irinsu, kuma har gobe ina ganin amfaninsu. Amma gilashin ne ya rage mai rai a jikinsu. Ɓangaren wayar ya tsufa, kuma mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba.

Malam, wai waya ce ko kyamara?

Kyamara ce da aka sa mata ƙwaƙwalwar waya. Daga gaba za ka ga gilashin da ke miƙowa waje da zarar an kunna, da maɓallin ɗauka a sama, da filasha. Ka juya bayanta sai ka ga allon taɓawa da Android a ciki, da manhajoji a jere kamar kowace waya.

Dalilin ƙera ta a bayyane yake. Wajen 2012 mutane sun fara ajiye ƙananan kyamarorinsu a gida suna ɗauka da waya. Hoton waya a lokacin bai kai na kyamara ba, amma nan take kake ɗora shi a Facebook ko Instagram, ita kuwa kyamara sai ka koma gida ka nemi kwamfuta da igiya. Sai kamfanoni suka ce bari a kawo intanet ɗin cikin kyamarar.

Waɗanne iri ne ake samu?

Nikon ce ta fara sanar da tata a watan Agusta na 2012, Coolpix S800c, mai zuƙowa ninki 10 da Android 2.3. Mako guda bayan haka Samsung ta nuna Galaxy Camera a baje kolin IFA na birnin Berlin a Jamus. Ita ce wadda aka fi kawo min. Lambarta EK-GC100, tana da zuƙowa ninki 21, megafiksel 16, allo mai inci 4.8, da Android 4.1. Nauyinta kusan giram 300, wato ba ta zama a aljihun kaftani ba tare da ta ja shi ƙasa ba. Akwai 'yar'uwarta EK-GC110 wadda ba ta da gidan layi, Wi-Fi kawai take amfani da shi.

A farkon 2014 aka fitar da Galaxy Camera 2, EK-GC200, da Android 4.3, batir mai ɗan girma da ƙwaƙwalwa mai sauri, zuƙowa dai ninki 21. Nikon ma ta ƙara ɗaya a shekarar, S810c, mai ninki 12.

Sai waɗanda suke wayoyi ne na gaske da aka liƙa musu gilashin kyamara: Galaxy S4 Zoom ta 2013 da Galaxy K Zoom ta 2014, kowacce ninki 10. Akwai kuma Galaxy NX mai gilashin cirewa da Panasonic CM1, amma waɗannan wani zance ne daban, ba su cikin masu dogon zuƙowa a ƙaramin jiki.

Me ake nufi da ninki 21? Ai wayata ma tana zuƙowa.

Nan ne duk darajar kyamarar take, don haka bari in tsaya sosai.

Zuƙowa iri biyu ne. A yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, idan ka ware yatsu biyu a kan allo, wayar ba ta matso da komai ba. Tsakiyar hoton ta yanke ta buɗa shi, kamar ka ɗauki ƙaramin hoton fasfo ka ce a faɗaɗa maka shi ya cika bango. Shi ya sa fuska ke dagulewa, rubutu ya narke. A kyamarar nan kuwa gilasai ne da yawa a cikin bututun, ƙaramin inji yana matsar da su gaba da baya. Hasken da ke fitowa daga nesa shi ake tattarowa ya cika farantin ɗaukar hoton, wato ɗan abin da ke karɓar haske a cikin kyamarar, gaba ɗaya. Duk megafiksel 16 ɗin suna aiki, ko ka zuƙo ko ba ka zuƙo ba.

Lissafin ninkin kuma mai sauƙi ne. Gilashin Galaxy Camera yana farawa daga milimita 23 ya ƙare a 483, bisa ma'aunin da masu hoto suka saba da shi. Raba 483 da 23, ka sami 21. Babbar kyamarar waya tana tsayawa ne wajen milimita 24 zuwa 26, ba ta motsi.

Ga abin da wannan ke yi a aikace. Ana saura 'yan kwanaki babbar sallah wani dillalin raguna da muke mutunci ya kira ni kasuwa, yana son hotunan da zai tura wa masu saye a Ikoyi da Lekki. Yaronsa ya riga ya ɗauka da waya, ya matsa dab da ragon don ya cika hoton. Abin da ya fito: kai ƙato, ƙaho kamar zai fito daga allo, gindi kuwa ya tsuke kamar na ɗan akuya. Alhaji ya kalla ya ce, "Wannan ba ragona ba ne." Na ja da baya taku goma sha biyar, na durƙusa daidai tsayin ragon, na zuƙo. Sai ga shi yadda Allah ya halicce shi, ƙirji a cike, baya a miƙe, cinya da nama, tarkacen buhunan dusa da ke bayansa kuma duk sun dushe. Ba wata dabarar kwamfuta ba ce. Duk abin da ka matsa kusa da shi, ɓangaren da ya fi kusa da kai shi ke kumbura. Haka fuskar mutum take, shi ya sa hanci ke girma a hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu.

A ɗaurin aure ma haka ne. Masallaci ya cika, ba ka da hanyar ratsa manya ka isa gaban liman, kuma bai dace ba. Daga bakin ƙofa za ka kama hannun waliyyai lokacin da ake miƙa sadaki, ka kama fuskar uban ango yana shafa fatiha, ba wanda ka taka wa riga.

WhatsApp zai hau? Facebook da sauransu fa?

WhatsApp ba zai hau ba. Tun 24 ga Oktoba 2023 kamfanin ya daina aiki a kan duk Android da bai kai 5.0 ba, kyamarorin nan kuwa daga 2.3 zuwa 4.4 suka tsaya. Google ma ta janye hannu: a 2021 ta daina sabunta hidimominta na Play ga Android 4.1 zuwa 4.3, a 2023 ta yi haka ga 4.4. Mai Android 2.3 kuwa, irin Nikon ta farko, tun Satumba 2021 ba ya iya shigar da asusun Google a cikinta.

Ma'anar wannan ita ce, za ka iya ganin tambarin Play Store a allo, ka taɓa, ya yi ta juyi ko ya buɗe ya ce manhajar da kake nema ba ta dace da na'urarka ba. Shafukan intanet da yawa ma ba sa buɗuwa a tsohuwar manhajar bincikenta, saboda takardun tsaron da ke cikinta sun tsufa.

Wani zai ce maka akwai yaro a kasuwa da zai sa maka tsohon WhatsApp daga waje. Zai iya sakawa, tambarin ya fito kore shar a allo, amma da ka buɗe zai ce sai ka sabunta, kuma ba hanyar sabuntawa. Ban da haka, manhajar da aka kwaso daga shafin da ba a sani ba, ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba. Wasu kuma sukan ce za su canza mata Android ɗin gaba ɗaya. Ina hana mutane wannan, don manhajar da ke tuƙa gilashin da filasha ta kamfanin ce, an ɗinka ta ne a kan tsohon tsarin. Kana iya samun sabon Android ka rasa zuƙowar da ka biya kuɗi dominta.

Idan mai shago ya ce maka "komai tana yi," ka ce ya haɗa ta da Wi-Fi ɗin wayarsa ya aika maka da saƙo ɗaya a gabanka.

Zan iya sa mata layi in riƙa kira?

EK-GC100 tana karɓar ƙaramin sim, amma na data ne kawai, ba a kiran waya da ita. Galaxy Camera 2 da na Nikon ba su da gidan layi ko kaɗan. S4 Zoom da K Zoom ne kaɗai ake kira da su. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai je ya yi rajistar sabon layi da lambar NIN ɗinsa don na'urar da manhajojinta ba sa aiki ba.

To ta yaya hoto zai fito daga ciki ya zo wayata?

Hanya mafi sauri kuma mafi aminci ita ce katin memori. Galaxy Camera tana amfani da ƙaramin kati irin na waya, har mai gigabait 64. Ka sayi ɗan abin karanta memori mai bakin da ya dace da wayarka, ana samunsa wajen masu kayan waya ko'ina. Ka zare katin, ka soka, ka kwashe hotuna ɗari cikin 'yan mintuna ba tare da ka ƙona data ba. Bluetooth ma yana yi idan hoto ɗaya ko biyu ne, sai dai yana da nawa. Igiyar caji zuwa kwamfuta ita ma hanya ce.

Abu ɗaya da nake yawan tunatar da mutane: idan za ka tura wa mai biki hotonsa ta WhatsApp don ya wanke, ka tura shi a matsayin fayil. In ka tura yadda aka saba, manhajar za ta matse shi, duk wahalar da gilashin ya sha ta tafi a banza.

Hajiya ce ke tambaya: kyamarar za ta yi mata hoton kamu da dina da dare?

Hajiya, gaskiya a nan ba ta da ƙarfi. Farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, faɗinsa bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, tsawonsa 4 da rabi, ƙasa da farcen ƙaramin yatsa. Sannan ƙofar hasken tana tsukewa yayin da ake zuƙowa, daga f/2.8 zuwa f/5.9. Wayoyi da yawa na yanzu suna da f/1.8. Idan aka kwatanta, a ƙarshen zuƙowa hasken da ke shiga kyamarar ya yi ƙasa da na wayar da kusan ninki goma. A ɗakin taro mai fitilu masu launi, amarya tana motsi, ƙawaye suna liƙi, hoton zai fito da yashi-yashi ko ya goge.

Wayoyin yanzu kuma suna da wata dabara da ita ba ta kai ba: suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗe su zuwa ɗaya mai haske. Don haka da dare wayarki ta fi ta.

Abin da take da shi mai kyau shi ne filasha ta ainihi, irin mai walƙiya sau ɗaya, ba 'yar fitilar waya ba. Idan mutum yana tsakanin taku uku zuwa biyar, tana tsayar da motsi, leshi da gwala-gwalai su fito tas. Ki tsaya kusa, kar ki zuƙo, ki ɗaga filasha. Zuƙowar ki bar ta sai rana ta fito.

Wayata megafiksel 50 ce, wannan 16. Ba wayar ta fi ba?

A abin da ke kusa, cikin haske ko duhu, sau da yawa wayar ta fi. A abin da ke nesa lissafin ya juye. Idan ka zuƙo ninki 10 da yanke hoto, kashi ɗaya cikin ɗari na farantin ne ya rage maka, don an yanke faɗi sau goma an yanke tsawo sau goma. Megafiksel 50 ya koma rabin megafiksel ɗaya. Ita kuwa tana nan da 16 ɗinta cif. Kuma 16 ya ishe ka wanke hoto babba na bango.

Idan suna da kyau haka, me ya sa aka daina yin su?

Sun faɗa tsakiya ne. Mai son waya ya ga sun yi masa nauyi da kauri, ga shi dole ya riƙe wata wayar don kira. Mai sana'ar hoto ya ga farantin ya yi masa ƙanƙanta. Babban allo da Android suna shan batir, kuma idan ta mutu gaba ɗaya sai ka jira ta tashi kamar waya, abin da kake son ɗauka ya wuce. Sannan gilashi yana shekara goma sha biyar yana aiki, manhaja kuwa shekara uku ta isa a bar ta a baya. Haɗa su a jiki ɗaya ya sa mai gajeren kwana ya ja mai dogon kwana.

Bayan 2015 Samsung ba ta ƙara fitar da sabuwar kyamara mai zuƙowa ko mai gilashin cirewa ba, ta mai da ƙarfinta kan wayoyi. Daga baya wayoyin suka koyi zuƙowar gilashi ta hanyar kwantar da bututun a cikin jikinsu da madubi mai karkatar da haske. Huawei P30 Pro ta 2019 ta zo da ninki 5, Galaxy S21 Ultra ta 2021 ta zo da ninki 10. Sai dai waɗannan manyan wayoyi ne masu tsada, ba irin da yawancinmu ke riƙewa ba.

A ina zan samu a Legas, kuma me zan duba?

Sabuwa fil daga kamfani babu, duk wadda ka gani ta hannu ce ko tokumbo, ko da an sa ta a kwali mai kyau. Wuraren da aka fi samun irin waɗannan kaya su ne Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba International a Ojo, sai masu tallatawa a intanet. Daga Agege zuwa Ikeja ba nisa, ka je da ƙafarka. Kar ka tura kuɗi kan hoton da aka nuna maka. Farashi kuwa yana bin dala da kuma yayin da matasa ke yi na tsofaffin kyamarori, don haka ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka taya.

Ka je da rana, da katin memorinka a aljihu. Ka karɓe ta ka kunna da hannunka. Ka kasa kunne lokacin da gilashin ke fitowa: sautin inji mai lafiya siriri ne, a jere yake. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi a ciki, ko ya tsaya ya koma ya sake fitowa, ka ajiye, ko nawa aka rage maka. Gyaran bututun nan ya fi komai wuya, kayansa kuma sai an ciro daga wata matacciyar.

Ka zuƙo har ƙarshe ka dawo, sau biyar. Ka fita bakin shago ka nemi allon talla mafi nisa a layin, ka ɗauka, ka buɗa hoton ka ga ko lambar wayar da ke jiki tana karantuwa. Sannan ka kashe ta, ka kunna fitilar wayarka, ka haska cikin gilashin ta gefe kana karkata shi a hankali. 'Yar ƙura ɗaya biyu ba komai. Abin tsoro shi ne wani farin zare-zare mai rassa kamar saƙar gizo a cikin gilashin, wannan funfuna ce. Bayan haka ka ɗauki farar takarda ko sararin sama a cikakken zuƙowa, in akwai baƙin tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, datti ne a kan farantin. Ka gwada filasha, ka taɓa kowace kusurwa ta allo, ka buɗe gidan batir ka ga ko ya kumbura ko akwai tsatsa. A ƙarshe a rubuta maka rasit da lambar jikin kyamarar da kwanakin da za ka iya dawo da ita.

Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan binciken. Wanda ya fara hanzarta ka, ka gode masa ka wuce gaba.

Batirinta yana daɗewa? Ka san halin wuta.

Ba ya daɗewa, musamman da ya shekara goma da wani abu. Na Galaxy Camera ta farko 1650 mAh ne, irin na wayar Galaxy S II, wanda hakan ya sa samun madadinsa bai yi wuya sosai ba. Na biyun 2000 ne. Ka sayi na ajiya ɗaya ko biyu, ka kashe Wi-Fi da GPS, ka rage hasken allo, ka sa ta a yanayin jirgin sama tunda ba intanet za ka hau ba. Wannan kaɗai yana ƙara mata sa'o'i. Tana caji da tsohon bakin micro-USB, don haka fawa banki yana yi mata. Batirin da ya kumbura kuwa kar ka ce bari ka ƙarasa da shi, cire shi.

Yaya zan adana ta a wannan laimar ta Legas?

Wannan tambayar ba a cika yi min ita ba, ni nake cusa ta, don ta taɓa ci na. Mu da muka taso a Arewa ƙura muka sani. Mun iya naɗe kaya a tsumma mu sa a akwati mu rufe. A Legas wannan dabarar ita ke kashe gilashi. Wata damina na naɗe wata kyamarata a jakarta ta fata, na sa a ƙasan durowa daga Yuni har bayan Satumba. Ranar da na ciro ta, jakar tana warin danshi, na haska gilashin na ga farin zaren nan ya yaɗu daga gefe zuwa tsakiya. Hotunanta suka koma kamar an ɗauka ta bayan hayaƙi. Mai gyara ya buɗe ya goge, amma funfunar ta riga ta ci rufin gilashin, tabon bai fita ba. Har yau ina jin ciwon abin.

Funfuna tana son duhu, danshi da iska marar motsi. Ka nemi robar abinci mai murfi mai kamawa sosai, ka zuba ƙananan ƙulle-ƙullen nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka sa kyamarar ciki ba tare da jakarta ba. Lokaci-lokaci ka shanya ƙulle-ƙullen ko ka canza su. Duk mako ka fito da ita ta sha iska da haske, ka zuƙo ka dawo. Idan ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafin waje gilashin ya yi gumi, ka bari ya bushe da kansa kafin ka kunna. In ka je bakin teku, iskar gishiri da yashi abokan gabar bututun ne, ka goge jikinta da ka dawo. Gilashin kuma ba a goge shi da bakin riga, ƙyallen tabarau ake sa masa.

Hotona yana girgiza idan na zuƙo sosai. Ta lalace ne?

Ba lallai ba. Zuƙowa tana ninka rawar hannu kamar yadda take ninka hoto. Akwai abin rage girgiza a cikin gilashin, amma yana da iyaka. Riƙe ta da hannu biyu, manne gwiwar hannu a haƙarƙari, jingina da bango ko mota, ka saki numfashi kafin ka danna. In kana cikin yanayin da kake saita komai da kanka, a ƙarshen zuƙowa ka nemi saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ko wanda ya fi shi sauri. Tana da ramin ɗaura ta a kan ƙafa uku a ƙasanta, kuma da agogon jinkiri na daƙiƙa biyu za ka cire hannunka kafin ta ɗauka.

Wurin koyo mai kyau shi ne gandun Lekki Conservation Centre, inda birai ke kan bishiya, ga gadar sama mai tsawon mita 401. Dabba ba ta jiran ka, a nan hannu ke koyon natsuwa.

Yaya, ina son fara neman kuɗi da hoto. In fara da ita?

Ƙanena, don koyo ta yi. Galaxy Camera tana barin ka saita ƙofar haske, saurin ɗauka da ISO, wato ƙarfin jin haske na farantin, da kanka, kuma a babban allonta kana ganin abin da kowanne ke canzawa. Tana ɗaukar bidiyo mai 1080. Hoton haja da rana, atamfa, takalma, buhunan albasa da kwandunan tumatir a Mile 12, dabbobi, duk za ta yi maka. Amma kar ka karɓi kuɗin bikin mutane ka dogara da ita ita kaɗai. Biki ba a maimaita shi, kuma rabinsa da dare ake yi. In kuɗinka ya ɗan taru, tsohuwar babbar kyamara mai gilashin cirewa ta Canon ko Nikon ta fi dacewa da sana'a, don farantinta ya ninka na wannan sau goma da wani abu.

Akwai sabuwa mai irin wannan zuƙowar da ba ta tsufa haka ba?

Akwai, sai dai ba Android a cikinsu, kuma a ganina hakan ya fi. Canon PowerShot SX740 HS ta 2018 tana da ninki 40. Sony HX99 tana kaiwa milimita 720. Panasonic Lumix TZ99, wadda aka sanar a ƙarshen 2024, ninki 30 ce kuma tana caji da USB-C. Mai son ƙarshen zuƙowa akwai Nikon P1000 mai ninki 125, amma wannan ƙatuwa ce, ba ta aljihu ba. Dukkansu suna tura hoto zuwa waya ta manhajar kamfaninsu, irin su Camera Connect ta Canon da SnapBridge ta Nikon. Kyamara ta yi aikin gilashi, wayar da ke aljihunka ta yi aikin intanet, in wayar ta tsufa ka canza ta kyamarar tana nan.

Akwai haɗari in sa asusuna a ciki?

Akwai. An daina toshe ramukan tsaron wannan Android ɗin shekaru da yawa da suka wuce. Kar ka sa imel ɗinka na ainihi, kar ka shiga banki ta cikinta. Da ka saya ka goge ta ta koma yadda ta fito daga kamfani. In ka tarar da hotunan mai ita na farko a ciki, amana ce ta faɗo hannunka, ka share ba tare da ka yaɗa ba.

Ko'ina zan iya ɗaga ta in ɗauka?

A'a, kuma dogon gilashi yana jawo ido fiye da waya. Ka nisanci barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen jami'an tsaro da harabar filin jirgin sama na Murtala Muhammed, duk da sha'awar da jiragen da ke wucewa ta saman unguwanninmu ke ba mutum. A tashoshin mota da cunkoso irin na Oshodi ka sa igiyarta a wuyan hannu, kar ka miƙa ta ta tagar danfo. A kasuwa ka fara gaida shugabannin wurin ka faɗi abin da ya kawo ka.

Sai abin da ya fi damuna. Kyamarar nan tana ɗaukar fuskar mutum daga inda shi bai ma san kana nan ba. Matan aure a wajen biki, 'yan mata a hanyar islamiyya, dattijon da barci ya ɗauke a rumfarsa, mai cin abinci a gefen titi, kowannensu yana da haƙƙi a kanka ko bai gan ka ba. A ɓangaren mata ni ba na ɗaga kyamara sai uwar biki ta ce ga waɗanda za a ɗauka, kuma wadda ta ja mayafi ta rufe fuska na sauke hannuna ke nan. In ka ɗauki wani daga nesa hoton ya yi kyau, ka taka ka same shi, ka yi sallama, ka nuna masa a allon. In ya ce a goge, ka goge a gabansa.